Ƙofar gefe: yadda kotunan ɗaukaka ƙara a Amurka ke yanke makomar ƙarar take haƙƙi tun kafin a ji shaidu

Duk wanda ya taɓa zama a harabar kotu ya san tsarin da aka saba da shi. Ana shigar da ƙara, a kira shaidu, alƙali ya yanke hukunci, sannan wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. A kotunan tarayyar Amurka ma asalin ƙa'idar ke nan: kotun sama tana jiran hukuncin ƙarshe ne, wato wanda ya rufe shari'ar baki ɗaya. Amma akwai wasu mutane da aka buɗe wa ƙofar gefe. Ɗan sandan birni, mai gadin gidan yarin gunduma, shugaban makarantar gwamnati, jami'in da ke rufe shaguna ko karɓe yara daga hannun iyayensu, duk wanda aka maka a kotu cikinsu bisa zargin take haƙƙin wani, yana iya tsallakewa zuwa kotun ɗaukaka ƙara tun kafin a rantsar da shaida ko ɗaya. A can ne da yawa daga cikin manyan ƙararrakin nan suke mutuwa ko su rayu, a gaban alƙalai uku waɗanda ba su taɓa ganin fuskar mai ƙara ba.

Sai mai karatu ya ajiye hoton da ya saba da shi a gida kafin ya gane maganar. A Najeriya rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce, ta tarayya. A Amurka hukumomin 'yan sanda sun kusa 18,000, kuma mafi yawansu na birane ne da gundumomi. Birni ne ke ɗaukar 'yan sandansa ya biya su albashi, gunduma kuma tana da sherif wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, shi ne yawanci ke riƙe da gidan yarin yankin. Don haka hukumar da talaka ya fi cin karo da ita a titi, a makaranta ko a wajen tsaro, ta ƙaramar hukuma ce.

Dokar da ake shigar da irin wannan ƙara da ita tsohuwa ce. Majalisar dokokin Amurka ta yi ta a 1871, shekara shida bayan yaƙin basasa, shugaba Ulysses Grant ya sa mata hannu a watan Afrilu. A lokacin 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suna kashe baƙar fata da suka fito daga bauta a jihohin kudu, su kuma sherif da alƙalan yankin suna kawar da kai, wasunsu ma suna cikin ƙungiyar. Majalisa ta ga cewa kai ƙarar irin waɗannan jami'ai gaban kotun garinsu ɓata lokaci ne, sai ta ce duk wanda ya fake da ikon hukumar jiha ya hana wani haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, to wanda aka cuta yana iya kai shi kotun tarayya ya nemi diyya. Yau lauyoyi suna kiran wannan tanadi Sashe na 1983. Lambar sashe ce a kundin dokokin tarayya, ba shekara ba ce.

Kusan shekara casa'in dokar tana kwance ba a cika taɓa ta ba. Abin da ya tashe ta ya faru ne a Shikago da asubahin wata rana a 1958, lokacin da 'yan sanda goma sha uku suka fasa gidan wani baƙar fata mai suna James Monroe ba tare da takardar izinin kotu ba. Suka tashe shi da matarsa, suka tsayar da su tsirara a falo, suka watsa kayan gidan, suka tafi da shi ofishinsu suka riƙe shi awa goma suna masa tambayoyi kan wani kisa, sannan suka sake shi ba tare da tuhuma ba. A 1961 Kotun Ƙoli ta ce yana da damar ƙarar su ƙarƙashin dokar 1871, ko da abin da suka yi ya saɓa wa dokar jihar tasu. Daga nan ƙararraki suka fara kwarara.

Da ƙofa ta buɗe, sai Kotun Ƙolin ta fara gina katanga a bayanta. Babu inda dokar 1871 ta ambaci rigar kariya, alƙalai ne suka ɗinka ta sannu a hankali. Alƙali a kan kujerarsa, mai gabatar da ƙara a aikinsa na gaban kotu, da kansila a lokacin da yake kafa doka, waɗannan an ba su cikakkiyar kariya, ba a neman diyya a hannunsu kan waɗannan ayyuka ko da an zarge su da mugun nufi. Sauran jami'ai, musamman 'yan sanda, aka ba su kariya mai sharaɗi. Ta faro ne a 1967, a shari'ar wasu limaman coci da aka kama a tashar mota a Jackson ta jihar Mississippi saboda sun shiga wurin da aka keɓe wa fararen fata. A lokacin ma'anarta ita ce ɗan sandan da ya yi aiki da zuciya ɗaya, yana ganin doka ce yake bi, ba za a ci shi tara ba. A 1982, a shari'ar Harlow da Fitzgerald, kotun ta cire maganar zuciya gaba ɗaya. Abin tambaya ya koma ɗaya: shin jami'in ya keta wani haƙƙi da doka ta riga ta fayyace ƙarara a ranar da abin ya faru? Idan amsar a'a ce, ya tsira, ko me ke cikin ransa.

Shekara uku bayan haka aka buɗe ƙofar gefen da na fara da ita. A shari'ar Mitchell da Forsyth ta 1985, wadda ta shafi tsohon ministan shari'a John Mitchell da satar sauraron waya ba da izinin kotu ba, Kotun Ƙoli ta yi wani tunani da ya canza komai. Ta ce wannan kariya ta wuce kariya daga biyan diyya, kariya ce daga wahalar shari'ar kanta, daga zuwa kotu, amsa tambayoyin lauyoyi a ƙarƙashin rantsuwa, da miƙa takardun ofis. Idan haka ne, in ji kotun, jami'in da alƙalin farko ya hana shi kariyar ba zai jira ƙarshen shari'a ba, domin kafin lokacin abin da ake kare shi daga gare shi ya riga ya same shi. Saboda haka ya ɗaukaka ƙara nan take. A 1996 kotun ta ƙara da cewa yana iya yin haka fiye da sau ɗaya: sau ɗaya a farkon fari idan alƙali ya ƙi korar ƙarar, sannan kuma bayan an tattara hujjoji idan alƙali ya ƙi yanke hukunci a kan takarda ba tare da zaman sauraron shaidu ba.

A rubuce tunanin yana da ma'ana. A aikace kuwa ga abin da yake haifarwa. Da zarar jami'i ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara, yawanci shari'ar ƙasa takan tsaya cik, sai dai in alƙali ya rubuta cewa ɗaukakawar wasa da hankali ce kawai. Ana iya cin shekara guda ko fiye kafin kotun sama ta yi magana. Lauyan jami'in ma'aikacin birni ne ko na kamfanin inshora, albashinsa na tafiya. Lauyan mai ƙara kuwa galibi ya karɓi aikin ne da sharaɗin sai an ci nasara zai samu nasa, ko dai daga diyyar ko daga kuɗin lauya da wata doka ta 1976 ta yarda kotu ta ɗora wa ɓangaren hukuma idan ya sha kaye. Kowane wata da aka ƙara, shaidu suna mantuwa, wasu suna ƙaura, shi kuma wanda aka karya wa ƙashi yana bin asibiti da bashi. Da yawa sukan karɓi ɗan abin da aka miƙa musu a sasanta. Mu ma mun san wannan cuta a gida, domin ita ce ta sa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta hana dakatar da shari'ar laifi saboda an ruga kotun sama kan wani batu na tsakiyar hanya. Bambancin shi ne a Amurka, a irin wannan ƙara, ɓangare ɗaya ne kawai aka ba wannan dama. Idan alƙali ya wanke jami'i ɗaya cikin uku, mai ƙara yawanci sai ya jira a gama da sauran biyun kafin ya kai kukansa sama.

To idan an je can, me alƙalan ke dubawa? Amurka tana da kotunan tarayya na matakin farko 94, a samansu akwai kotunan ɗaukaka ƙara 13, goma sha ɗaya daga ciki masu lamba ne kuma kowace tana kula da shiyyar jihohi. Yawanci alƙalai uku ne ke zama kan kowace ƙara. Ba sa kiran shaida, ba sa karɓar sabuwar hujja. Takardun da suka fito daga kotun ƙasa suke karantawa, wani lokaci su ba kowane lauya kamar minti goma sha biyar ya yi magana. Idan batun na fassarar doka ne, sukan duba shi sabo fil, ba ruwansu da ra'ayin alƙalin farko. Idan batun na abin da ya faru ne, wato wa ya fara ɗaga hannu, wa ke faɗin gaskiya, to ba nasu ba ne. Tsarin mulki ya bar wannan wa juri, mutanen gari da ake ɗebowa su saurari shaidu su faɗi wanda suka gaskata. Saboda haka kafin a kai ga juri, ƙa'idar ita ce kotu ta ɗauki labarin mai ƙara a duk inda shaidu suka saɓa, sannan ta tambaya ko da wannan labarin jami'in ya keta doka.

Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin shata wannan iyaka a 1995. Wani mai ciwon suga mai suna Houston Jones ya faɗi a titi a jihar Illinois, ciwonsa ya tashi, 'yan sanda suka ɗauka maye ne suka kama shi. Ya farka a asibiti da karyayyun haƙarƙari. Uku daga cikin 'yan sanda biyar da ya yi ƙara suka ce babu hujjar cewa sun taɓa shi, suka nemi ɗaukaka ƙara tun kafin zama. Kotun ta ce a'a. Wanda gardamarsa ita ce "ban yi ba" sai ya tsaya gaban juri. Ƙofar gefe ta wanda ke cewa "ko da na yi, doka ba ta fayyace cewa laifi ne ba" ce kawai.

Iyakar ta yi kyau a baki, amma lauya mai wayo ya san yadda zai sa wa gardamar shaida rigar gardamar doka. Sannan kyamara ta zo ta ƙara dagula lissafin. A watan Maris na 2001, a gundumar Coweta ta jihar Jojiya, wani ɗan sanda ya ga matashi ɗan shekara 19, Victor Harris, yana gudun mil 73 a hanyar da aka ƙayyade mil 55. Harris ya ƙi tsayawa, aka bi shi kimanin mil goma cikin dare, daga ƙarshe mataimakin sherif Timothy Scott ya daki bayan motarsa da tasa, ta kauce ta faɗa gangare. Harris ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Alƙalin farko da kotun shiyya ta goma sha ɗaya duk suka ce a bar juri su duba, domin a labarin Harris hanyar ba cunkoso kuma bai rasa sarrafa motarsa ba. A 2007 alƙalan Kotun Ƙoli suka kalli bidiyon motar 'yan sanda da kansu, takwas daga cikin tara suka ce gani ya kori ji, abin da suka gani gudun ganganci ne mai haɗari ga jama'a, kuma ba a ɗaukar labarin mai ƙara idan bidiyo ya ƙaryata shi ƙiri-ƙiri. Har suka sa bidiyon a shafin kotun na intanet don kowa ya gani. Alƙali John Paul Stevens shi kaɗai ya ce ya kalli bidiyon kuma bai ga abin da suka gani ba, ya tuna musu cewa alƙalan ƙasa, waɗanda suka fi su sanin titunan Jojiya, su ma ba haka suka gani ba. Daga baya wasu malaman shari'a suka nuna wa Amurkawa 1,350 bidiyon. Mafi yawa sun yarda da kotun, amma ra'ayi ya bambanta sosai gwargwadon launin fata, arziki da siyasar mai kallo. Ni a ganina Stevens ya taɓo ainihin wurin. An kafa juri ne daidai saboda mutane masu hankali sukan kalli abu ɗaya su ga abu biyu, kuma yau da 'yan sanda da yawa ke ɗauke da kyamara a ƙirji, wannan hukunci ya ba alƙalan sama damar zama masu kallo kuma masu yankewa a ɗaruruwan ƙararraki.

Wani lokaci Kotun Ƙolin takan ja kunnen kotunan shiyya idan sun wuce gona da iri. A daren ƙarshen shekarar 2008, a garin Bellaire na Texas, ɗan sanda ya yi kuskuren lamba ɗaya wajen shigar da lambar mota a kwamfuta, sai ta nuna masa motar sata ce. Motar Robert Tolan ce, yana tsaye a ƙofar gidan iyayensa. Iyayen suka fito da kayan barci suna bayani, wani sajan ya iso ya tura mahaifiyar jikin ƙofar gareji, ɗan ya yunƙura yana cewa a sakar masa uwa, sajan ya harbe shi, harsashi ya huda masa huhu da hanta. Kotun shiyya ta biyar ta wanke sajan, ta ce wurin akwai duhu, uwar ta ƙi bin umarni, ɗan kuma yana ihu yana tasowa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai shaidar da ta musanta shi. A 2014 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce kotun shiyya ta zaɓi labarin ɗan sanda ne a wurin da ba ta da hurumin zaɓa. Shari'ar ta ƙare da sasanci a 2015 kan dala 110,000, kusan shekara bakwai bayan harbin.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kalmar "ƙarara". Tambayoyi biyu ne a gaban kotun ɗaukaka ƙara. Ta farko, shin an keta haƙƙin mutumin? Ta biyu, shin doka ta riga ta fayyace hakan? A 2001 Kotun Ƙoli ta ce dole a amsa ta farko kafin ta biyu, domin ko da jami'in yau ya tsira, na gobe ya san iyakarsa. Alƙalai suka yi ta ƙorafi cewa ana sa su warware manyan tambayoyin tsarin mulki a ƙararrakin da sakamakonsu ba zai canza ba. A 2009, a shari'ar Pearson da Callahan, kotun ta janye, ta ce kowace kotu ta zaɓi wadda za ta fara da ita. Sai ya zama kotu tana iya cewa "babu hukuncin baya mai kama da wannan, jami'i ya tsira," ta rufe fayil ba tare da ta faɗi ko abin da ya yi daidai ne ko kuskure ba. Gobe wani jami'in ya yi irin wannan aiki, a sake neman hukuncin baya, a tarar babu, tunda kotun jiya ta ƙi kafa shi. Alƙali Don Willett na shiyya ta biyar, wanda shugaba Trump ya naɗa, yana cikin waɗanda suka fito fili suka rubuta cewa wannan zagaye ne da mai ƙara ba shi da hanyar fita daga cikinsa.

Misali biyu sun isa. A Fresno ta Kalifoniya, wasu 'yan kasuwa biyu suka zargi 'yan sandan da suka yi bincike a gidajensu da wurin sana'arsu da cewa sun rubuta dala 50,000 a takardar kayan da suka kwashe, alhali kuɗi da tsabobi masu daraja da suka ɗauka sun zarce haka da fiye da dala 225,000. Zargi ne, ba a kai ga tabbatar da shi ba, kuma ba za a taɓa kaiwa ba. A 2019 kotun shiyya ta tara ta ce ko da gaskiya ne, ya kamata 'yan sandan su san sata mugun abu ce, amma babu hukuncin da ya fayyace cewa satar kayan da aka kwashe da izinin kotu ta keta gyara na huɗu na tsarin mulki, wanda ya hana bincike da ƙwace marasa dalili. Kuma ba ta ce ta keta ko ba ta keta ba.

Na biyun ya fi tsaya mini a rai. A Nashville, a 2014, 'yan sanda suka bi wani mara matsuguni, Alexander Baxter, da ake zargi da fasa gida, suka same shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ya ce yana zaune a ƙasa hannayensa a sama lokacin da aka sakar masa kare, karen ya cije shi a hammata. Akwai hukuncin baya a wannan shiyya ta shida da ya ce haramun ne a sakar wa wanda ya miƙa wuya kare. A karon farko da aka ɗaukaka ƙarar, alƙalai suka ce shari'a ta ci gaba. A karo na biyu, a 2018, kotun ta ce mutumin da ke cikin wancan hukunci kwance yake, shi kuwa Baxter a zaune yake da hannu a sama, kuma an yi gargaɗi kafin a fara sakin karen, don haka ba za a ce doka ta fayyace ba. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a watan Yunin 2020, makonni uku bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Minneapolis. Alƙali Clarence Thomas, wanda ba a san shi da sassauci ga masu laifi ba, ya rubuta cewa shi dai da an saurara, domin yana shakkar ko wannan kariya tana da tushe a dokar 1871 tun asali.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na hukuncin da kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya ke yankewa, ana yi musu alamar cewa ba abin kafa hujja ba ne, saboda haka da wuya su fayyace wani haƙƙi. Kuma hukuncin wata shiyya ba ya ɗaure wata. Abin da aka fayyace a Kalifoniya yana iya zama ba a fayyace shi ba a Texas, alhali tsarin mulkin ɗaya ne.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Ɗan sanda yakan yanke shawara cikin daƙiƙa, cikin duhu, da tsoron kada a harbe shi, sannan lauyoyi su zo su shafe shekaru suna tsefe wannan daƙiƙar a ofis mai sanyi. Ana kuma shigar da ƙararraki marasa tushe da yawa. Idan kowane malamin makaranta ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ya san duk matakin da ya ɗauka zai iya cinye masa gida, zai naɗe hannu ne ya bar yaron da ake azabtarwa a inda yake. Wannan gaskiya ne. Sai dai hujjar ta dogara ne kan cewa jami'in ne ke biya daga aljihunsa, kuma bincike ya nuna ba haka abin yake ba. Farfesa Joanna Schwartz ta jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta bi diddigin kuɗin da aka biya a irin waɗannan ƙararraki a hukumomin 'yan sanda 81 tsakanin 2006 da 2011, ta gano cewa hukumomi ne suka biya kusan kashi 99.98 cikin 100. Idan haka ne, wanda rigar ke karewa a zahiri baitulmalin birni ne.

Mai karatu zai ce to a yi ƙarar birnin mana kai tsaye. Ana yi, tun 1978, lokacin da wasu ma'aikata mata na birnin New York da ake tilasta wa hutun haihuwa ba albashi suka ci nasara a shari'ar Monell. Birni ba shi da rigar kariya, kotun ta tabbatar da haka a 1980, kuma ba shi da ƙofar gefe ta kansa. Amma an gindaya wani sharaɗi mai tsauri. Ba a kama birni don kawai ma'aikacinsa ya yi laifi, kamar yadda ake kama kamfani da laifin direbansa. Sai mai ƙara ya nuna cewa cutar ta fito ne daga manufar birnin, ko al'adar da ta zauna, ko shawarar wanda ke da maganar ƙarshe, ko kuma sakaci da gangan wajen horar da ma'aikata.

Labarin John Thompson na New Orleans ya nuna tsawon wannan katanga. An same shi da laifin fashi da kuma na kisan kai, ya yi shekara 18 a kurkuku, 14 daga ciki yana jiran a zartar masa da hukuncin kisa. Saura 'yan makonni a kashe shi a 1999, mai binciken lauyoyinsa ya tono sakamakon gwajin jini da masu gabatar da ƙara suka ɓoye. Jinin ɗan fashin rukunin B ne, na Thompson rukunin O. Aka soke hukuncin fashin, aka sake shari'ar kisan a 2003, juri suka wanke shi. Masu gabatar da ƙarar suna da cikakkiyar kariya, don haka hanyar da ta rage masa ita ce ofishin nasu, bisa rashin horar da lauyoyinsa kan wajibcin miƙa hujjar da ke wanke wanda ake tuhuma. Juri suka ba shi dala miliyan 14. Alƙalai uku na shiyya ta biyar suka tabbatar, da aka tara dukkan alƙalan shiyyar suka rabu biyu daidai, hukuncin ya tsaya. A 2011 Kotun Ƙoli, biyar da huɗu, ta soke diyyar gaba ɗaya, ta ce laifi guda bai isa ya nuna sakaci da gangan ba, sai an nuna jerin irinsa. Alƙaliya Ruth Bader Ginsburg ta karanta rashin amincewarta da baki a zauren kotu, abin da alƙalan ba sa yi sai ransu ya ɓaci ƙwarai. Thompson ya bi kowane mataki da doka ta shata, ya gamsar da mutanen garinsu, ya tashi babu ko sisi daga wannan hukunci.

Bayan kisan Floyd, wanda birnin Minneapolis ya biya iyalansa dala miliyan 27 ta hanyar sasanci a 2021, majalisar wakilai ta amince da ƙudurin cire wa 'yan sanda wannan kariya har sau biyu, ya maƙale a majalisar dattawa. Wasu jihohi suka bi ta wata hanya. Colorado a 2020 da New Mexico a 2021 sun yi dokokin da ke ba mutum damar ƙara a kotun jiha bisa tsarin mulkin jihar, inda wannan kariya ba ta aiki. A kotunan tarayya dai tsarin yana nan yadda yake.

A watan Afrilun 2016, a wajen Houston, wani ɗan sandan gundumar Harris ya tsayar da Ashtian Barnes, ɗan shekara 24, saboda motar hayar da yake tuƙawa ana bin ta kuɗin hanya da ba a biya ba. Ana cikin magana motar ta fara motsi, ɗan sandan ya yi tsalle ya taka bakin ƙofarta, ya harba sau biyu, Barnes ya mutu. Mahaifiyarsa ta shigar da ƙara. Alƙalin farko da kotun shiyya ta biyar suka ce ƙa'idar shiyyarsu ta ɗaure su, ba za su duba komai ba sai daƙiƙa biyun da ɗan sandan yake maƙale da mota mai tafiya, kuma a cikin waɗannan daƙiƙu yana da dalilin jin tsoro. Alƙali Patrick Higginbotham, wanda ya rubuta hukuncin, ya ƙara wata takarda ta daban yana roƙon Kotun Ƙoli ta gyara ƙa'idar da shi kansa ya bi. Ranar 15 ga Mayu, 2025, alƙalan tara gaba ɗaya suka ce kuskure ne, dole kotu ta duba dukkan abin da ya faru tun daga dalilin tsayar da motar. Ba su ce ɗan sandan ya yi laifi ba, ba su ba uwar diyya ba, ba su taɓa batun rigar kariya ba. Sun mayar da fayil ɗin ne ga kotun shiyya ta biyar ta sake dubawa. A ranar, shekara tara ke nan da binne ɗanta, kuma babu juri ko ɗaya da ya taɓa jin shari'ar.